Kan Wa Ke Cikin Jaka? Daga Medusa Zuwa Macijiyar Kusugu

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura a ƙarshen damina, ya ratsa ta ƙasar Dambatta, zai ga gona ta haɗe da gona, babu saura babu daji. Gero ya yi kai, tsuntsaye na ta shawagi, nan da can kuma ga wani a tsaye da tsohuwar riga da yagaggiyar malafa, hannuwa a ware, ba ya ko motsi. Mutum-mutumi ke nan. Kara biyu ne da tsumma, amma an ba shi babban aiki: ya tsorata. Abin sha'awa, da wannan sunan dai Bahaushe ke kiran manya-manyan siffofin tagulla da na dutse da ake kafawa a dandalin biranen duniya. Wani zai ɗauka ƙarancin kalmomi ne ya jawo haka. Ni kuwa ina ganin Bahaushe ya gano wani abu: duk siffar da aka tsayar a gaban jama'a, aiki aka ba ta, kuma akwai wanda ya ba ta aikin.

A wannan watan shafin namu zai ɗan kauce daga littafi da fim, ya leƙa wani mutum-mutumi da ya tayar da ƙura a Amurka a 2020. Kafin wani ya ɗauki biro ya rubuto mana wasiƙar raddi, bari in faɗa tun da wuri: ba kira muke yi a kafa gumaka a shataletalen Kano ba. Hukuncin malamanmu a kan sassaƙa siffar mai rai sananne ne, kuma ba shi ne a gabanmu ba. Abin da ke gabanmu shi ne darasin da marubuci da darakta za su iya tsinta a wannan rigima, domin matsalar da ta kama masassaƙin nan ita ce ke kama mu a duk lokacin da muka taɓa labarin kakanni.

Wace ce Medusa?

A tatsuniyoyin Girkawa na da, akwai wasu 'yan'uwa mata uku masu ban tsoro. Biyu ba sa mutuwa, ɗaya ce kawai ajali ke iya kamawa, ita ce Medusa. Gashin kanta macizai ne, kuma duk wanda ya haɗa ido da ita nan take ya zama dutse. Wani sarki da ke neman uwar wani saurayi mai suna Perseus da aure, ya ga yaron ya tsaya masa a wuya, sai ya tura shi ya kawo kan Medusa, da nufin kada ya dawo. Ababen bautar Girkawa suka taimaki yaron da kayan aiki: takobi, takalma masu fukafukai, hular layar zana, jaka, da garkuwa mai ƙyalli kamar madubi. Ya same ta tana barci, ya riƙa kallon hotonta ta cikin garkuwar, ya fille mata kai, ya jefa a jaka. A hanyar komawa gida ya tarar an ɗaure wata gimbiya, Andromeda, a bakin teku don wani dodon ruwa ya cinye ta. Ya kashe dodon, ya auri gimbiyar. Mai karatu, riƙe jakar nan da auren nan, za mu dawo kansu.

Tun farko Girkawa ba su ɗauki Medusa a matsayin mace mai labari ba. Fuska ce ta tsoratarwa: ido a waje, harshe a zare, haure kamar na gursunu. Suna zana ta a jikin garkuwar yaƙi da saman ɗakunan bauta don korar sharri, kamar wadda ke goshin wani ɗakin bauta a tsibirin Corfu, da aka gina kimanin shekara 580 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wato dai aikinta ɗaya da na mai malafar gonar Dambatta. Kuma kada a ce wannan haɗi son rai ne: kan yumɓun nan na Jama'a da aka kai wa Bernard Fagg a 1943, wanda ya buɗe binciken al'adar Nok, a gonar doya aka fara ba shi aiki, a matsayin mutum-mutumi.

Wani mawaƙin Rumawa, Ovid, shi ya sauya wa labarin alƙibla wajen shekara ta 8 miladiyya. A ruwayarsa Medusa budurwa ce kyakkyawa mai gashi abin kwatance. Abin bautarsu na teku, wanda Girkawa ke kira Poseidon, ya yi mata fyaɗe a cikin ɗakin bautar Athena. Maimakon Athena ta hukunta mai laifi, sai ta mayar da gashin yarinyar macizai. An bar jaki ana dukan taiki. Daga ranar da aka rubuta wannan ruwaya, duk wanda zai siffanta Medusa dole ya zaɓa: dodanniya ce, ko wadda aka zalunta?

Masassaƙa biyu, kai biyu

A birnin Florence na ƙasar Italiya akwai mutum-mutumin tagulla da Benvenuto Cellini ya ƙera, aka buɗe shi a 1554. Perseus ne tsaye a kan gawar Medusa, takobi a hannun dama, ya ɗaga kanta sama da hannun hagu yana nuna wa jama'a. Wanda ya ba da aikin shi ne Cosimo na gidan Medici, gidan da ya hau mulkin birnin bayan an tumɓuke jamhuriya, kuma a dandalin da ke gaban fadar mulki aka kafa shi. Ba sai an yi wa mutanen garin fassara ba: ga abin da ke samun mai tayar da kai. Cellini ya zuba gwaninta, ba shakka, har jinin da ke kwarara daga wuya ya yi shi da tagulla kamar igiyoyin murjani. Amma gwanintar tana hidima ne ga mai gari.

A 2008 wani masassaƙi ɗan Ajantina mai tsatson Italiya, Luciano Garbati, ya juya hoton. Medusa ce a tsaye, takobi a hannu ɗaya, kan Perseus a ɗaya hannun. Aikin ya yi shekara goma ba wanda ya damu da shi, sai a 2018 hotonsa ya bazu a intanet, daidai lokacin da mata a Amurka ke fallasa manyan da suka ci zarafinsu. A watan Oktoba na 2020 aka kafa shi da tagulla, mai tsawon kusan ƙafa bakwai, na wasu watanni, a wani ɗan lambu da ke fuskantar kotun manyan laifuka ta New York, kotun da aka yi shari'ar shahararren furodusan nan Harvey Weinstein a farkon wannan shekarar.

A yi wa Garbati adalci, akwai abin yabo. Medusarsa ba ta ɗaga kan sama ba; ta sake shi ya rataya a gefen cinyarta kamar kayan da aka tilasta mata ɗauka. Babu murmushin nasara a fuskarta. Jarumin Cellini ƙasa yake kallo, ita kuwa ido ta zuba wa mai kallo kai tsaye, abin da labarin ya ce ba mai iya jurewa. Sannan fuskar kan da aka yanke, Garbati tasa ya kwaikwaya. Namijin da zai sa kansa a hannun wadda aka zalunta, ya yi tunani.

To amma fa akwai gyara, kuma ba ƙarami ba. Na farko, mata da yawa sun yi tambayar da ba ta da amsa: me ya sa kan Perseus? Ai ba shi ya yi mata fyaɗe ba. Yaro ne da aka aika. Mai laifin yana can cikin teku, wadda ta yanke hukuncin zalunci tana can a kan kujerarta, ba wanda ya taɓa su. Ashe an sake barin jaki ke nan. Na biyu, me Medusa za ta yi da takobi? Wadda kallonta kaɗai ke mayar da ƙato dutse! Garbati ya ƙwace mata makaminta na asali, ya ara mata na namiji. Na uku, jikin da ya ba ta na 'yan matan bangon mujallar Turawa ne, siririya sumul, tsirara, macizan ma sun kwanta lafiya kamar sabon kitso. Tsoron ya tafi, sha'awa ta maye gurbinsa.

Tushen duk waɗannan matsaloli guda ne. Wani masani Bajamushe, Lessing, ya yi bayani tun a 1766 cewa mai ba da labari da kalmomi yana da lokaci, yana iya tafiya daga farko zuwa ƙarshe, amma masassaƙi ƙiftawar ido ɗaya tak aka ba shi, don haka dole ya zaɓi wadda ta fi ɗaukar ma'ana. Zaɓen wannan ƙiftawar shi ne hukuncin da ya yanke wa labarin. Garbati ya sauya mai riƙe da takobi, amma bai sauya lokacin ba. Yana nan tsaye a inda Cellini ya ajiye shi: ana gama yanka, ga kai, ga mai nasara. An dai canza wa tuwo suna. Da ya koma baya kaɗan, ya tsayar da ita a daren da ta fara taɓa kanta ta ji abu na motsi, da ya faɗi abin da Cellini bai taɓa faɗa ba.

Mu dawo gida

Yanzu mai karatu ya ɗauko jakar da na ce ya riƙe. Titin nan da ya ratsa Dambatta, in ka miƙe shi ta Kazaure, Daura zai kai ka, inda rijiyar Kusugu take har yau. Babu yaron da ya yi firamare a ƙasar Hausa bai ji labarin ba. Baƙo ya taso daga Bagadaza, ya biyo ta Borno ya auri 'yar sarki, ya gudu ya bar ta a Garun Gabas, ya tsaya a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare, ya sauka a gidan wata tsohuwa, Ayana, ya nemi ruwa. Ta ce masa ba a samun ruwa a garin nan sai ranar Juma'a, saboda macijiyar da ke cikin rijiya, wadda ake kira Sarki. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijiyar, ya jefa a jaka. Da gari ya waye masu ƙaryar jarumta suka yi ta bugun ƙirji, har aka nemo baƙon ya fito da kan. Sarauniya Daurama ta yi masa tayin rabin gari, ya ce shi aurenta yake so.

Ka gani? Baƙo daga nesa, makami daga hannun masu sirri, maciji, kai a cikin jaka a matsayin shaida, sannan aure a gidan sarauta. Ba ina cewa Hausawa sun ari labarin daga Girkawa ba ne. Irin wannan zubi yana nan a al'ummomi da dama, kuma kama da wane ba ta wane. Masana ma sun daɗe suna ja-in-ja a kan Bayajidda kansa. W.K.R. Hallam a 1966 ya danganta shi da Abu Yazid, ɗan tawayen Arewacin Afirka da ya mutu a 947. Farfesa Abdullahi Smith kuwa a 1970 ya nuna cewa ba a bayyana kafuwar daulolin Hausa da zuwan baƙo guda. Wannan aikin 'yan tarihi ne. Tambayar mai nazarin adabi daban ce: a cikin dogon labarin nan, wace ƙiftawar ido muka zaɓa muka tsayar?

Amsar a fili take. Tuna zanen littafin makaranta, ko wasan kwaikwayon 'yan firamare ranar bikin al'ada: namiji da takobi, maciji ya fasa kai. Cellini ke nan da rawani. In kuma muka tashi girmama mace, sai mu bi sawun Garbati. Mutum-mutumin Sarauniya Amina da Ben Ekanem ya ƙera a shekarun 1970 aka kafa a gaban babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Legas, a kan doki ya nuna ta da takobi. Fim ɗin Amina na Izu Ojukwu da ya fito a Netflix a 2021, wanda Lucy Ameh ta ja, har da Ali Nuhu a ciki, ya kashe kuɗi a kan sutura da dawaki da fagen fama, amma ma'auninsa na girman mace bai wuce iya sara da suka ba. Kamar dai mace ba ta shiga tarihi sai ta ari wandon yaƙi.

Yadda ƙauye ke jin labarin

Ka kai labarin Kusugu wani tsakar gida a ƙasar Makoɗa ko Kunci ko Bichi cikin watan bazara, ka ba matar da ta tashi tun asuba ta bi layin rijiya, ta ji igiya tana ƙara tsawo kullum, guga na fitowa da rabin laka. Ka ga inda za ta tsaya. Takobin ba zai dame ta ba. Abin da zai tsaya mata a rai shi ne kwana shida babu ɗiban ruwa. Randa nawa za a cika ranar Juma'a? Wa ake fara ba? Mai jego fa? Awaki fa? Mutanen wannan yanki, da ke noma kowane taƙi na ƙasa shekara da shekaru ba hutu, suna ɗauko taki a mangalar jaki su zuba wa gona, sun san ruwa mulki ne. Ko da aka gina madatsu irin na Thomas da Watari a shekarun 1970, tambayar wa ke da iko da ruwa ba ta mutu ba. A kunnen irin wannan mata, jarumar labarin Ayana ce, tsohuwar da baƙo ya roƙa ruwa ta rasa abin ba shi. Duk Bahaushe ya san nauyin wannan kunya.

Sannan ga macijiyar kanta. Me ya sa sunanta Sarki? Wa ya sa dokar Juma'a, kuma wa ke cin moriyarta? Garin da ke da mayaƙa ya kasa kashe maciji ɗaya, ko kuwa ba ya so ne? Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano ya fitar da littafinsa a 1946, ya nuna yadda tsohon addinin ya cika rijiyoyi da itatuwa da iskoki, waɗanda ake lallashi da yanka. In ka kalli labarin ta wannan fuska, abin da baƙon ya sare ya wuce dabba. Wata tsohuwar yarjejeniya ce tsakanin gari da rijiyarsa. Medusa ta samu Ovid da ya tambayi yadda aka yi ta zama abin tsoro. Macijiyar Kusugu har yau tana jiran nata.

Uwa uba, Daurama. Ruwayar Daura ta ce mata ne ke sarauta kafin zuwan baƙon, kuma daga kanta aka rufe wannan babi. Wato kai biyu aka yanke a wannan mako: ɗaya ya shiga jaka, ɗayan kuwa sarautar mata ce. Kuma dubi abin da ya biyo baya. Ta ba shi baiwa, Bagwariya, ta haifi ɗa aka sa masa Karɓagari. Ita ma ta haihu, ta sa wa nata Bawo, wato a bayar da garin a dawo da shi. Mata biyu suna jifan juna da sunayen 'ya'ya, abin da ake takara a kai kuwa ƙasa ce sukutum! Daga Bawo aka ce an samu sarakunan Daura, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano, da Bagauda na Kano, aka haɗa da Biram suka zama Hausa Bakwai. Daga ɗan baiwar kuma aka jingina wa maƙwabta, irin su Zamfara da Kabi da Nupe da Gwari, sunan da har yau muke koya wa yara ba tare da mun ji nauyi ba: Banza Bakwai. Ashe labarin ma mutum-mutumi ne da wani ya kafa, ya ba shi aiki, ya nuna wa kowa matsayinsa.

Ina masassaƙanmu?

Tunda ba mu sassaƙa dutse, masassaƙanmu su ne masu riƙe da biro da kyamara. Hoton bangon littafi, fostar fim, fuskar da darakta ya tsayar da kyamara a kanta na daƙiƙa goma, duk zaɓen ƙiftawar ido ne irin na Cellini. Kuma ba a ce ba mu iya ba. Kamfanin Sarauniya ya nuna da Daskin da Riɗi a ƙarshen shekarun 1990 cewa tatsuniya na da kasuwa. Sangaya kuwa, da ya girgiza kasuwa a 1999, me ke cikinsa in ba yarima da baiwa da 'yar sarauta ba? Wannan ai ƙashin bayan labarin Bayajidda da Bagwariya da Daurama ne, sai dai an cire masa siyasa an bar soyayya da waƙa. Marubutanmu mata, waɗanda suka ƙware wajen fayyace zuciyar uwargida ranar da aka kawo amarya, su suka fi kowa cancantar shiga ɗakin Daurama. Abin mamaki, kishin gidan attajirin Nasarawa ya sha tawada, kishin da aka ce ya haifi ƙasar Hausa yana nan a ajiye.

Gargaɗin da Garbati ya bar mana shi ne kada mu ɗauka juya hoto shi ne sabon tunani. In wani furodusa ya karanta wannan ya ruga ya shirya fim inda Daurama ce ta zare takobi ta sare macijiyar, to bai ji mu ba. A bar wa baƙo wuƙarsa. A kai kyamara fada da hantsi, lokacin da ya kwance bakin jaka ya zazzage kan a gaban sarauniya. Jama'a na guɗa, mata sun ruga rijiya da tuluna a ranar da ba Juma'a ba, Ayana na cikinsu. Ita kuwa Daurama tana kallon abin da ke ƙasa, ta san garinta ya sha ruwa, ta kuma san kuɗin ruwan bai wuce kujerar da take zaune a kai ba. Daraktan da ya iya riƙe kyamara a kan wannan fuska, da 'yar wasan da ta iya ɗaukar wannan kallo ba tare da ta ce uffan ba, sun yi abin da tagullar Florence da ta New York suka kasa.

Masu ganin na yi wa Bayajidda rashin kunya, ko na yi wa Garbati tsanani, fili a buɗe yake. Sai mun ji daga gare ku.